Taken Baba a Hannun Na'ura

Mahaifinmu mahauci ne, kuma yana da take. Yanzu sai an yi wa mutane bayani. Take shi ne ɗan gajeren kiɗan da makaɗi yake ware wa mutum ɗaya, ba ya yi wa kowa sai shi. A wurin mahauta da kalangu ake yi. In ganga ta faɗi takenka, ko kana tsakiyar ciniki ne sai ka ɗaga hannu ka amsa, kuma duk wanda ke rumfar ya san da kai ake. Wani ba ya amsa taken wani. In ya yi, ya nemi faɗa.

Na Baba gajere ne. Kalangu yana cewa, “Hannu ya auna, sikeli ya huta.” Asalinsa kukun wani Bature ne daga GRA, unguwar Turawa, da yake zuwa kasuwa da ɗan sikelinsa a jaka, don maigidansa bai yarda da awon kowa ba. Baba ya yi ta yanka masa tsoka yana ɗorawa, allurar tana tsayawa daidai inda aka ce, har kukun ya gaji ya daina ɗauko sikelin. Makaɗi yana wurin, ya sa abin a ganga.

Mu biyu ne maza a gidan. Yayana ya tsaya a teburin fawa tun yana ƙarami. Ni aka sa ni boko, daga nan na zama akawun wani kamfanin fata da ƙirgi, shi ya sa har yau Yaya ba ya kirana da sunana, sai dai Akawu. Fata ce ta yi ta yawo da ni. Na zauna Maraɗi da Njamena da Kwatano, na je majemun Fas a Maroko, na yi ta zuwa Italiya inda ake mai da fatun awakinmu takalma. A hanya na tsinci Faransanci da Larabcin kasuwa da Italiyancin da ya ishe ni ciniki, ban da Fillancin da na tashi da shi a unguwa.

Wata dawowa daga Kwatano na zo da rikoda. Da safe na bi Baba kasuwa, na ajiye ta a gefen tebur, makaɗi ya zo kamar yadda ya saba, na danna. Kaset ɗin bai fi 'yan mintoci ba. Ana jin kalangu, ana jin wuƙa tana sauka a kan katako, wata mata tana ƙorafin hantar da aka ba ta ta yi kaɗan, sai dariyar Baba. Ba mu da hotonsa mai motsi, ba mu da muryarsa a ko'ina sai a nan.

Da Baba ya rasu ina Njamena. A wasiƙa aka gaya mini cewa bayan sadakar arba'in makaɗin ya zo ƙofar gida ya kaɗa taken, Yaya ya ɗaga hannu, mahautan da ke wurin suka shaida. Shi ke nan take ya zama nasa. Ba a rubuta kome ba, ba a kuma bukaci a rubuta ba.

Kuskurena a Italiya na yi shi. Akwai ɗan mai majemar da muke kai wa fata, sa'ana ne, mutumin kirki. Ya saukar da ni a gidansa sau da yawa, matarsa tana ware mini tukunya don kada naman alade ya taɓa abincina. Yana son kiɗa, ɗaki guda ya cika da faifai. Wata rana na sa masa kaset ɗin Baba, na yi masa bayanin take. Ya yi ta mamaki, ya ce su a wajensu ƙararrawar coci ce kaɗai mutanen gari suke ganewa da kunne, amma ba su taɓa jin kiɗan da yake na mutum ɗaya ba. Da zan tafi na kwafa masa. Baƙo ne ni da aka yi wa hidima, ba ni da abin da ya fi wannan daraja da zan bayar.

Bayan shekara biyu na koma, ya ce yana haɗa faifan kaɗe-kaɗen kasuwannin Afirka, yana so ya sa namu. Ya kawo takarda. Ba zan ce ban gane ta ba, na karanta ta sarai. Akwai layin da ya ce ni ne mai wannan ɗauka, na kuma ba su damar yin yadda suka so da ita. Na yi tunani: rikoda tawa ce, kaset nawa ne, batir ma ni na saya. Na sa hannu ina murna za a ji gangar Baba a ƙasar Turawa. Ban karɓi kome ba. Ban kuma gaya wa Yaya ba, ba don ina ɓoyewa ba, sai don bai zo mini a rai cewa abin faɗa ne ba.

Shekaru suka tafi. Na yi ritaya, na gina ɗan gida a unguwar Gwallameji, Yaya yana gidan gado a cikin gari. Bara gwiwoyinsa suka ƙi, tsayuwa a tebur ta gagare shi, sai ya yanke shawarar miƙa sana'ar ga babban ɗansa, magidanci mai 'ya'ya huɗu da ya daɗe yana tsaye a gefensa. Aka yi walima, mahauta suka cika zaure. Tsohon makaɗin ya jima da rasuwa, saboda haka aka nemi kaset ɗina. 'Yata, wadda take koyarwa a unguwar Yelwa, ta riga ta juye shi cikin waya tun da daɗewa, aka jona da sifika. Da taken ya tashi Yaya ya ɗaga hannu daga inda yake zaune. Ya miƙa wa ɗansa wuƙaƙe da tebur, amma ya ce take sai bayan Babbar Sallah, lokacin da mahauta na nesa za su zo, a yi a gaban kowa.

'Yata ta ɗauki bidiyon walimar ta ɗora a intanet don danginmu na Legas da na Garwa su gani. Washegari muka je gaida Yaya, ta buɗe masa. Ana jin hayaniyar mutane, ana jin addu'a, sai daidai wurin taken sauti ya ɗauke ɗif. Ga Yaya yana ɗaga hannu a cikin shiru, kamar mai tsai da keke a bakin titi.

“Ina kiɗan?” in ji shi.

'Yata ta duba rubutun da ke ƙasan bidiyon. “Baffa, na'ura ce ta cire. Wai kiɗan na wani kamfani ne, ba a yarda a sa shi ba sai da izininsu.”

“Wane ne na'ura? Ɗan gidan wa?”

“Ba mutum ba ne, Baffa. Inji ne yake sauraron duk abin da aka ɗora, in ya ji ya yi kama da na wani sai ya toshe.”

“To shi injin wa ya gaya masa na wani ne?”

Ta ce ba ta sani ba, amma ga sunan kiɗan nan an rubuta da wani yare. Ta miƙo mini wayar. Italiyanci ne: kiɗan kasuwa, lamba bakwai. Na mayar mata da wayar na ce idona ba ya gani sosai ba tabarau. Tabarau ɗin yana aljihuna.

A keke muna komawa na gaya mata kome. Kwana biyu tana bincike, sannan ta zo da labari. Kamfanin da abokina ya yi faifan da shi an sayar wa wani, wancan ma wani ya haɗiye shi, yanzu kiɗan yana cikin wani babban rumbu da ake ba masu fim da masu wasannin waya haya. Akwai ma wani gem da ake jera kayan marmari a rumfar kasuwa, in ka gama mataki sai a kaɗa maka taken Baba.

Da ta nuna mini hoton gem ɗin na gane shi nan take, don kullum ina ganinsa. Maƙwabcina tsohon shugaban makarantar firamare ne, mutumin kudancin jiha, kowa Hedimasta yake ce masa. Bayan la'asar mukan zauna a gindin bishiyar mainar ƙofar gidansa, ni da rediyona, shi da wayarsa yana jera lemo da mangwaro da yatsa. Sai dai ban taɓa jin sauti ba.

Na ce, “Hedimasta, buɗe mini muryar abin nan in ji.”

“Kai, Alhaji, Madam ya hana. Ya ce in ya ƙara jin gangan nan a gidansa zai jefa wayan a rijiya.”

“Ai a waje muke.”

Ya leƙa ƙofa, ya ƙara murya kaɗan, ya ci gaba da wasa. Na jira. Abarba uku suka haɗu, rumfa ta cika, taurari suka watsu a fuskar wayar, sai kalangu ya ce hannu ya auna, sikeli ya huta. An goge sautin wuƙa da muryar matar nan mai hanta, an ɗan ƙara masa sauri, amma shi ne. Hannuna na dama ya motsa da kansa, na danne shi a cinya. Ba nawa ba ne da zan amsa.

Da na ba Hedimasta labari ya yi dariya har ya share hawaye. “Wato shekara biyu ina cin mataki babanka ne yake mini kiɗa? Ni na ɗauka na China ne! Allah ya ji ƙan tsoho, ya ba ni ƙarfin gwiwa.”

Sannan ya gyara zama ya ce shi fa bai ga laifin na'urar ba. Yana aiki ya taɓa rubuta ɗan littafin lissafi na 'yan aji shida, ya buga da kansa. Kafin zango ya ƙare masu hotokwafi a kasuwar Wunti sun cire bangon da ke da sunansa suna sayarwa, har wata malama ta kawo masa ɗaya tana ba shi shawara ya riƙa amfani da shi. “Da ina da maigadi irin wannan, wanda ba ya barci, ba ya karɓan goro, da na gode wa Allah.”

Na ce, “Maigadin da bai san maigidan ba fa? Ya tare shi a ƙofarsa?”

“Ai ba maigadi ne ya sa hannu a takarda ba, Alhaji.”

'Yata ma ra'ayinta kusan ɗaya da nasa. Ta ce na'ura ba ƙarya take yi ba, sauti take gwadawa da sauti, wanda ya riga kai mata nasa shi ne mai shi a wurinta. Ba ta san akwai wani abu wai shi take ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata.

Ranar Juma'a bayan an sauko na je wurin Yaya ni kaɗai. Yana zaure a kan tabarma, ƙafafu a miƙe. Na faɗa masa daga farko har ƙarshe, har da tabarau ɗin da na ce ban zo da shi ba.

“Shi wasan nan,” ya ce, “in an ci ake kaɗawa, ko in an faɗi?”

“In an ci, Yaya.”

“To da sauƙi.” Sannan ya ce, “Ka ce musu naka ne.”

“Kaset ɗin nake nufi.”

“Kaset babu kome a ciki suka so? Akawu, ka iya yare biyar, ba ka iya zuwa ka ce Yaya ga abin da ake ciki ba?”

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce shi bai damu da masu jera mangwaro ba, su ji daɗinsu. Abin da ya dame shi ɗaya ne. Tun da ya fara fawa bai taɓa sa wuƙa a wuyan dabbar da ake jayayya a kanta ba. In saniya ta zo mayanka wani ya ce tasa ce, ko da kana da shaidar dillali, sai a ɗaure ta gefe har a rabu. Haka Baba ya koya masa. Yanzu ga take, wani ya fito ya ce nasa ne, da takarda, da sa hannun ɗan gida. Ba zai tara mutane ya miƙa wa ɗansa abin da ke da magana a kai ba.

“Ka je ka karɓo. In ba ka karɓo ba kafin Sallah, a bar shi ya mutu da ni.”

Saura wata biyu. Muka zauna da 'yata a gaban kwamfuta. Akwai fom ɗin ƙorafi, yana da gurabe uku: ko ni na ƙirƙiri kiɗan, ko na saye shi, ko kuwa ba na kowa ba ne. Na daɗe ina kallonsu. Wanda ya ƙirƙira makaɗi ne, amma shi da kansa ba zai ce nasa ne ba. Ba a saya ba. Kuma in na ce ba na kowa ba ne na yi ƙaryar da ta fi ta farko. Ba gurbin da za ka ce na wanda aka kaɗa wa ne, ya bar wa ɗansa. A ƙasa akwai ɗan fili na ƙarin bayani, na cika shi da Turancin ofis mafi kyau da na iya. Kafin in kurɓi shayina amsa ta dawo: an duba, ƙorafinku bai karɓu ba.

Na rubuta wa abokina na Italiya a tsohon adireshinsa. 'Yarsa ce ta amsa, cikin ladabi, ta ce mahaifinta ya rasu, majemar ma an mai da ita wurin ajiye motoci. Na rubuta wa kamfanin da ke riƙe da rumbun da Turanci, na sake da Faransanci. Duk sau biyun amsa ɗaya ce, kalma ba ta canza ba, tana gode mini da na tuntuɓe su.

A kwanakin nan na yi ta tuna iyakokin da na ƙetare. Na haɗu da 'yan kwastan masu taurin kai a hanyar Kwatano, akwai wanda ya tsare mini mota cike da ƙirgi kwana uku a rana har ta fara wari. Amma mutum ne. Na gaishe shi da safe, na gaishe shi da yamma, na gano garinsu, na tambayi lafiyar mahaifiyarsa, rana ta uku ya gaji da ganin fuskata ya buga hatimi. Duk inda na je a duniya na tarar akwai hanyar da ake bi a kai ga mai yanke hukunci, ko ta gaisuwa, ko ta wani dattijo, ko ta naci. A Fas sai ka sha shayi kofi uku kafin a saurare ka, a Italiya sai an san wa ya aiko ka. Wannan ne karo na farko da na tsaya a ƙofar da ba kowa a bayanta. Ba ta ƙi ni ba ma, balle in ji haushi. Hedimasta yana da gaskiya cewa ba ta karɓar goro, kuma na san mutane da yawa da goro ya zalunta. Amma ba ta kuma jin “ka yi haƙuri, ga yadda abin yake.”

Saura mako uku 'yata ta ce mu je mu ga ɗan tsohon makaɗin. Yana da ɗakin ɗaukar waƙa a Yelwa, kusa da gidajen hayar ɗalibai, yana yi wa amare da 'yan siyasa waƙa. Mutum ne mai furfura a gemu, ya durƙusa ya gaishe ni da ya ji ɗan wane ne ni. Kiɗansa duk daga kwamfuta yake fita, yatsa ɗaya ya danna sai ganguna goma su tashi. Kalangun mahaifinsa yana rataye a ƙusa, sama da fanka.

Da ya ji labarin ya yi murmushi. “Baba, ni ma na'urar nan ta taɓa kama ni da satar waƙata. Wani ya kwafa ya riga ni ɗorawa, ni na zama ɓarawo. Amma ranar da ta kama mai satar tawa, har sadaka na yi.”

Na tambaye shi ko akwai dabara. Ya ce karɓowa dai babu, in daina wahalar da kaina. Amma in duba abin da ke hannunsu. “Abin da kuka ba su safiya ɗaya ce, Baba. Hannun tsohona na ranar nan, da fatar gangar ranar nan. Shi suka riƙe, shi na'ura ta haddace. In wani hannu ya kaɗa yau ba ta san shi ba.”

Na ce Yaya ba na'ura yake tsoro ba, jayayya ce ba ya so. Ya ce wannan kuma tsakaninmu ne, shi dai zai sauko da ganga ya sake mata tsarkiya, igiyoyin da ake matsawa, ya saurari kaset ɗin har ya zauna masa a hannu.

Na je na faɗa wa Yaya, ban ƙara gishiri ba. Na ce ban karɓo ba, ba kuma zan iya ba. Na ce takardar da na sa wa hannu tana nan, ba ta goguwa. Na gaya masa abin da ɗan makaɗi ya ce. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya ce, “Ya zo mu ji.”

Kwana uku bayan Sallah, da hantsi, bayan mahauta sun huta daga fiɗar layya, aka taru a zauren. Akwai tsofaffi biyu da suka yi zamani da Baba a kasuwa, an kawo su a keke. Ɗan Yaya yana zaune kusa da ubansa, bai san ko za a ba shi ko ba za a ba shi ba, kowa ma bai sani ba. Ɗan makaɗi ya rataya kalangu, ya matse shi a hammata, ya kaɗa. Daidai da kaset, ko ɗigo bai bari ba.

Yaya bai ɗaga hannu ba. Ya girgiza kai. “Bai ƙare ba.”

“Ranka ya daɗe, iyakar abin da ke kaset ke nan.”

“Na ji na kaset. Na ce bai ƙare ba.” Ya jawo kujerar tsugunne da ke gefensa, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Taken ya fito kamar yadda muka sani, sannan ya ƙara bugu huɗu a ƙarshe, na ukun a ja. Ya faɗi kalmomin da baki: “Mai saye ya kwana lafiya.”

Ɗan makaɗi ya gwada. Yaya ya ce ya yi sauri. Ya sake, Yaya ya ce ya matse gangar a bugu na uku, ba na biyu ba. Tsofaffin nan biyu, ɗaya yana gyaɗa kai, ɗayan kuwa kunnensa ya daɗe da yin nauyi, murmushi kawai yake yi wa kowa.

Ni ban taɓa jin wannan ƙarshen ba. Na bincika kaina har ƙasa, na koma kasuwar yarintata, ban same shi ba. Mai yiwuwa makaɗin bai kaɗa shi a safiyar da na ɗauka ba. Mai yiwuwa an ƙara shi a shekarun da nake yawo tsakanin Maraɗi da Njamena, ina zuwa gida sau ɗaya a shekara. Mai yiwuwa kuma Yaya ne ya ƙera shi a kan tabarmar nan cikin makonnin da nake cika fom, don ya sami abin da ba hannun kowa a kai ya miƙa wa ɗansa. Duk ukun suna iya zama gaskiya, kuma ba ni da hanyar rabewa.

Sai Yaya ya juyo gare ni a gaban mutane. “Akawu, ba haka yake ba?”

Da na ce haka yake, da na sake shaidar abin da ban sani ba. Da na ce ba haka na ji ba, da na ɗora kaset ɗina a kan mutumin da ya tsaya a teburin nan shekara hamsin.

Na ce, “Ni ban sani ba, Yaya. 'Yan mintoci na ɗauka na tafi da su. Kai ka zauna.”

Yaya ya juya ya ce wa ɗan makaɗi, “Kaɗa daga farko.”

Kalangu ya tashi. Yaya ya bar hannuwansa biyu a kan gwiwa. Da aka zo bugun ƙarshe ya zunguri ɗansa da gwiwar hannu, kamar yadda ake tada mai gyangyaɗi a masallaci. Ɗan ya miƙe, ya ɗaga hannun dama. Tsofaffin suka ce sun shaida, aka shafa fatiha.

'Yata tana bakin ƙofa da waya, ta ɗauki kome. Da aka fara rabon nama ta matso ta durƙusa gaban Yaya.

“Baffa, in ɗora wannan, mu ga ko za ta bari?”

Yaya ya nuna ɗansa da haɓa. “Ni kike tambaya? Ga mai shi nan.”